Suna son su kashe Baba mai shayi, kuma ni ne shi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, mai son dariya ya yi abinshi a gida, ba sai ya rubuto min ba.

Ni mai facin taya ne a bakin titi nan Gazawa, na haura hamsin, karatun lakol kuwa ban yi nisa ba. Matata ta koma wajen danginta a Gangara, wai bakina ya ishe ta. Ƴaƴana maza suna Aljeriya, babban ya aiko min da waya, a ganinshi ya gama da ni ke nan. Majalisar unguwa na daina zuwa, don da na zauna sai hira ta mutu, kowa ya tuna yana da aiki a gona. Ban zagi uban kowa ba, abin da na gani nake faɗi.

A wayar nan na iske wani wasa, gem suke ce mishi. Rannan ba aiki na danna, sai na ji ana Hausa a ciki. Ashe gari guda sunka kafa, yaran Maradi da Katsina da Damagaram, kowa ya ɗauki sana'a yana yi kamar da gaske, wannan jandarma, wannan direba, wancan ɓarawo, ana magana baki da baki. Sunka tambaye ni me zan zama, na ce ni ba ni tseren mota ba ni riƙon bindiga, ku ba ni tebur da benci. Haka na zama Baba mai shayi.

Shayin na ƙarya ne, ba mai kurɓa. Amma wallahi bencin cika yake yi. Bakin da ke korar min mutane a Gazawa shi ke tara su a can. In na ce ma jandarman kai ragon banza ne, ɓarawo ya wuce ta gabanka kana hamma, sai wuri ya kaure da dariya, a ce Baba ƙara mishi. Akwai wata da ke aikin likita a garin, ba ta wucewa sai ta tsaya ta ce Baba ka ci abinci kuwa. Ban san fuskarta ba. Da rezon waya ya ɗauke mana ƴan kwanaki, ina dawowa faɗa sunka rufe ni da shi, wai ina na shiga ba sallama. Rabon da wani ya yi min irin wannan faɗan na manta.

To makon jiya babbansu, Kwamanda suke ce mishi, ya ja ni gefe. Wai garin ya yi sanyi, yara suna ta raguwa, suna son abin da zai girgiza kowa. Ɓarayi su harbe Baba mai shayi, a yi jana'iza, a yi zaman makoki, gari ya tashi neman wanda ya yi. Wai ni sunka zaɓa don ba wanda mutuwarshi za ta taɓa mutane kamar ni. Na ce ya fara da kawunshi. Ya yi dariya ya ba ni haƙuri, ya ce ba dole, sai na yarda. Na ce to in na mutu sai me? Ya ce sai in dawo da sabon suna da sabuwar sana'a, kuma dokar garin ce kowa ya yi kamar bai taɓa sanina ba. Har likitar.

Nan ne ya tsaya min. Muryata dai ita ce, ba ni da wata. Za su ji ta su gane ta, su wuce ni kamar baƙo. Wannan ai ba sai na sayi kiredin waya ba, ina samunshi kyauta a ƙofar gidana.

Amma ba zan ɓoye muku ba, raina na so. Kwamanda ya ce zan iya tsayawa gefe in saurara ranar makokin. Ni na san in tawa ta gaskiya ta zo, liman zai yi abin da ya wajaba, a watse, ƴaƴana su ji ta waya. Ina son in ji sau ɗaya me mutane za su ce a kaina in ba ni nan. Ko ma ya halatta mutum ya yi wasa da mutuwarshi, ban sani ba, kuma ba malamin da zan tunkara da wannan bai kalle ni ba.

In na ƙi kuma garin ya watse, za a ce tsoho ne ya hana, bencin ma ba mai zama. Tun da ya faɗa min ban ƙara shiga ba, wayar na kan kwamfaresan ba taya iska ina kallonta.

In yarda in ji abin da za su ce, ko in riƙe bencina har ranar da ba kowa a kai? Kar ku ce min in fita in nemi mutane, nan nake zaune a bakin titi kullum, suna ganina.