Sandar Awon Baba Ta Girma

Chonchi, Chiloé

Zuwa ga Yayana Belisario,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da iyali, ya kuma sa sanyin Punta Arenas bai daskarar da kai ba. Mu nan lafiya lau, dankali ya yi kyau bana, gwiwar Mama ma da sauƙi.

Labarin Baba ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san shi da ƙungiyarsa ta ƙananan dawakin tsibirinmu, da sandar awon nan mai ƙusa wadda tun muna yara yake ɗora wa dawakin mutane a kafaɗa. Duk dokin da ya wuce ƙusa ba ya shiga ƙungiya, ko na limamin coci ne. A kan wannan doka da ya kafa ya ɓata da rabin gari, har ƙungiyar ta koma shi da tsofaffi kaɗan masu gyangyaɗi a taro. To, Milcao, duƙushin da marigayiyar goɗiyarsa ta bari, wanda yake ba shi hatsi da hannunsa, ya ci ya ƙoshi ya zarce ƙusa da yatsa biyu. Baba ya yanke masa kofato har sau uku, a banza. Ya ce doka doka ce, bayan ranar awo zai sayar da shi ga masu amalanke. Ya daina cin abinci, ya daina faɗa da rediyo. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ana gobe awo na ga Mama bayan ɗakin itace da guduma, ta ce in je in duba tukunya.

Ranar awo maƙwabcinmu Don Eleodoro ya jawo doguwar goɗiyarsa, wadda Baba ya sha kora, don tsokana kawai. Ya ce ya zo karɓar korarsa ta shekara. Baba ya ɗora sanda, goɗiya ta shige ƙarƙashin ƙusa sumul. Ya goge tabarau ya sake ɗorawa, haka dai. Don Eleodoro ya rungume shi yana cewa ashe tsufa na gyara mutum. Kafin azahar labari ya zaga, duk wanda aka taɓa kora ya jawo nasa, kowa na shigewa, Baba na zufa. Milcao ne na ƙarshe. Da ya shige, Baba ya kifa fuska a wuyansa ya daɗe bai ɗago ba, mu kuma muka yi kamar muna kallon teku.

Da yamma ya shigo yana jujjuya sandar, ya tsura wa tsohon ramin ƙusa ido, ya ce da Mama sandar nan ta girma. Ita kuwa tana fere dankali ta ce itace ne, ruwan sama ya yi yawa bana. Ya cinye kwano biyu, sannan ya rataye sandar a bango ya ce, "To, a gaya mata ta tsaya haka. Idan ta ƙara, shanu za su shigo mana ƙungiya."

Ka gaishe da matarka Nolfa da su Aladino. Mama da Gwaggo Herminia suna gaishe ku.

Taka ƙanwa,
Zunilda