Sirdin Keken Audi

Dutsin-Ma,
6 ga Maris, 1983.

Zuwa ga abokina Malam Kefas,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Zariya, yaya karatu? Ina fata kana lafiya, kai da Roda da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara. Uwargida Turai tana gaida Roda.

Bayan haka, tunda ka tafi kwas ka bar ni da 'yan keke shida masu shirin tuƙawa har Kaduna don neman taimakon ginin ɗakin haihuwa, da takardar dokokinka, ga rahoto, kada ka ce malamin makaranta ya kasa riƙe wa malamin asibiti aiki. Kullum muna fita bayan sallar asuba. Makon farko a Makera muke juyawa, yanzu har Kurfi muke taɓawa mu dawo kafin rana ta yi zafi. Juma'a hutu. Ruwan gishiri da sukarin nan naka muna sha, ko da yake Rabo tela ya rantse so kake ka kashe mu tun kafin mu ga Kaduna.

Ka tuna Audi mai kananzir na Birchi, wanda matarsa Hawwa'u ta rasu bara a hanyar asibiti tana naƙuda? Ya shigo cikinmu. Tun da aka ji, 'yan kasuwar da suka yi mana kunnen uwar shegu sun fara alkawarin kwanon rufi da siminti, don kowa ya san saboda irin Hawwa'u muke son gina ɗakin haihuwar nan a Birchi.

Dokarka ta farko, wato a ɗaga sirdi har ƙafa ta kusa miƙewa a kan feda, na bi ta a kekunan kowa. Na Audi ne kawai ya rage. Zan yi.

Naka,
Tukur.

Dutsin-Ma,
17 ga Afrilu, 1983.

Malam Kefas,

Bayan gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Wasiƙunka biyu sun iso, ban amsa ba. Ba aiki ne ya hana ni ba, kunya ce. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Audi yana kwance. Ranar Talata, kusa da Birchi, gwiwarsa ta dama ta ƙi ɗaukarsa, ya faɗi da keken. An kai shi Katsina, likita ya zuƙe ruwa daga gwiwar, ya ce wata uku babu keke babu fartanya, kuma bai yi alkawarin za ta koma yadda take ba. Ga damina ta kusa. Da keken nan yake kai kananzir Kuki da sauran kasuwanni, da ƙafar nan yake noma, kuma bakuna huɗu ke jiransa a gida.

Ban taɓa ɗaga sirdin ba, Kefas. Ranar da na je da sifana, sai ya riƙe mini hannu. Ya ce ran da naƙudar Hawwa'u ta yi tsanani babu mota, a kariyar bayan keken ya ɗora ta, ya sauke sirdin har ƙasa don ƙafarsa ta riƙa kai ƙasa in sun shiga rairayi, kada ya kayar da ita. Tun ranar bai sake taɓa shi ba. To kai da kake nesa kana rubuta doka, me za ka yi? Ni dai na mayar da sifana aljihu. Haka ya yi ta tuƙi mako shida, gwiwa na neman taɓa ƙirji.

In da a nan na tsaya, da na ce kara na yi masa. Amma mako uku da suka wuce na ga yana ɗingishi, na sa ya naɗe wando, na ga kumburin da idona. Takardarka ta ce duk wanda gwiwarsa ta kumbura ya huta kwana goma, a sanar da kai. Na san kana ji za ka cire shi. Sai na tuna kwanon nan da siminti, na tuna yadda mutane ke fitowa bakin hanya don su ga Audi, ba don su ga Tukur ba. Na kai shi wurin wanzami aka yi masa ƙaho, na ɗaure masa bandeji a ƙarƙashin wando, kashegari kuma na ƙara mana mil biyar. Har yabonsa na yi a gaban jama'a, na ce namijin duniya ne.

Na farko tausayi ne. Na biyu son zuciya ne, ba shi da wani suna. Na kasa faɗa wa Turai, kai na fara faɗa wa. Ka rubuto duk abin da ya zo bakinka, na cancanta.

Abokinka,
Tukur.

Dutsin-Ma,
8 ga Mayu, 1983.

Malam Kefas,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Roda. Amsarka ta iso. Ban san kana da baki haka ba, amma babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Motsa ƙafar da ka zana, Audi yana yi safe da yamma, yanzu yana kai ƙofar gida da sanda.

Na je Birchi na faɗa masa komai, har maganar simintin. So na yi ya zage ni, in samu sauƙi. Sai ya ce ai shi ya riƙe mini hannu, kuma ciwo daga Allah ne. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi. Na ce masa na fasa tafiyar, Rabo ya ja mutane, ni zan tsaya in gyara masa gona. Gonar dai mun shirya mata gayya, mu 'yan keken duka, daga shuka har girbi.

Jiya da la'asar ina gyaran littattafan yara, sai ga Rabo yana turo keken Audi. Na duba, na ga an ɗaga sirdin. Ƙarfen da ya fito daga ciki fari tas, tsawon yatsu huɗu, ko tsatsa babu. Rabo ya ce Audi da kansa ya kwance shi yana zaune a tabarma, bai yarda kowa ya taya shi ba, sai dai ya tambayi tsawon ƙafata, tunda tela ya san awona. Saƙonsa shi ne, keken nan ya taɓa ɗaukar tafiya bai kai ba, in taimaka in kai shi Kaduna.

Na daɗe a tsaye riƙe da shi, har Turai ta fito ta tambaye ni ko lafiya. A nan na faɗa mata abin da na yi wa Audi.

Ranar Asabar za mu tashi, in Allah ya yarda, Litinin da hantsi mu ratsa Zariya. Ka fito bakin hanya da sifanarka ka duba sirdin ko ya yi daidai. Ban taɓa shi ba, kuma ba na jin zan iya.

Ka gaida Roda da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Tukur.