Inna tana bakin hanya, ni ina jan gaba

Tanti Sa'a, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Lahadi ta zo, don kaina ya ɗaure.

Ni ɗan rugga ne da zama ya kai Dogon Dutsi. Ina cikin ƙungiyar masu tseren keke da Mushe Hilaire ke horarwa, muna shirin babban tseren da za a yi a Yamai. Duk Lahadi bayan asuba muke fita, mu nufi Tibiri mu dawo. Ban san yadda zan kwatanta miki daɗin abin ba. Gari bai gama wayewa ba, jajayen duwatsun nan suna bayanmu, gonakin hatsi suna ta wucewa, ba ka jin komai sai kukan sarƙa da numfashin na kusa da kai. Wani lokaci har mantawa nake da ina da ƙafafu. Sai in ga kaina na shiga Yamai ana tafi, ko in ga kaina ina yaro ina bin shanu da sanda, duk a kan keke ɗaya. Ina son abin nan, Tanti, ba zan ɓoye miki ba.

A layi ɗaya muke tafiya, taya kusa da taya, tazarar ba ta wuce taki ba. Na gaba shi ke sare wa sauran iska, in ya gaji ya zame baya, na biye ya karɓa. Wanda ya taka birki haka kawai ya zubar da kowa. Shi ya sa Mushe Hilaire ya ce duk wanda ya fasa layi ya manta da Yamai.

To, ruggarmu tana kusa da hanyar, kafin a kai Tibiri. Tun da muka fara bi ta nan, Innata take fitowa ta zauna gindin wani gawo da ƙwaryar fura. Babu kasuwa a wurin, babu mai saye, sai awaki. Ni ne ɗanta na fari. Idan mun iso sai ta kawar da kai, tana gyara faifan da ba abin da ya same shi. Kuma rashin sa'ata, kusan kullum a daidai gawon nan jan gaba ke faɗowa kaina, abokina Rodrigue da ke gabana ya zame, ga iska a ƙirji, ko hannu ba na iya ɗagawa. Haka nake wuce uwar da ta haife ni kamar motar haya.

Kawu Ja'afaru ya same ni har gida. Ya ce a rugga ana cewa doguwa ce ta hau ni, don ɗan da ke cikin hankalinsa ba ya wuce uwarsa a kan ƙarfe bai sauka ya durƙusa ba. Ya ce Lahadin nan ko in sauka, ko kada in sake bin hanyar. Na san kunyar ɗan fari, da ita na girma, amma wannan kawar da kan ya fara yi mini kama da fushi. In sauka in rasa Yamai, ko in wuce in rasa albarkarta?

Mai Keke, daga Dogon Dutsi

*

Ɗana Mai Keke,

Sauko daga gajimare mu yi magana a ƙasa. Kawunka bai yi ƙarya ba. Gaisuwa hakkin uwa ce, kuma ko ka sami ɗaga hannun, ba a gaida uwa da shi. Na lura duk tsawon wasiƙarka ba ka ambaci ranar da ka je ruggar musamman dominta ba. Mai iya zuwa Tibiri ya dawo kafin azahar ba shi da uzurin nisa. Ka je kafin Lahadi, ka jingine keken tun daga nesa, ka shiga da ƙafa, ka durƙusa. Ka biya wajen kawu ka bayyana masa yadda layin yake, don wanda bai taɓa ganin mutane sun zube a kan hanya ba, ba zai san birki ɗaya na iya karya mutum ba.

Mushe Hilaire ma yana da gaskiya. Kada ka taka birki a tsakiyar layi don ka burge rugga. Amma na san ba ku zuwa Tibiri ku dawo ba ku tsaya shan ruwa ba. Ka same shi ka faɗa masa abin da ka faɗa mini, ka roƙe shi ya mai da wurin hutunku gindin gawon nan a kan hanyar dawowa. Shi ma uwa ce ta haife shi. Ban kuma yarda rashin sa'a ke ba ka jan gaba a wuri ɗaya kullum ba. Ka dubi Rodrigue da kyau, ina jin abokanka sun riga ka gane wadda ke zaune a wurin, suna so ta ga ɗanta a gaba.

Batun fushi kuwa, cire shi daga ranka. Mai fushi tana zamanta a bukka. Wadda ke dama fura tun asuba, ta ɗauko ta kai inda babu mai saye, ta san abin da ya fito da ita. Ta gan ka tun kana ɗan ɗigo a nesa, shi ya sa ta san lokacin kawar da kai.

Ranar da kuka tsaya, kada ka sa ran za ta kira sunanka ko ta dube ka. Rodrigue za ta miƙa wa ƙwaryar, ta tambaye shi gajiya. Ka bari ya kurɓa, sannan ka karɓa ka sha sosai, don taka ce tun Lahadin farko.

Allah ya kai ku Yamai lafiya, ya bar maka Inna.

Tanti Sa'a