Waƙoƙi Dubu Tara, Na Rasa Ta Baba Ɗan'azumi

Anti Hasana, don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen wankin ƙoda. Majinyatanmu kan yi awa huɗu a kwance, yawancinsu tsofaffi ne daga ƙauyuka. Shekara shida da suka wuce na lura idan mutum ya ji waƙar garinsu, ko ta noma ko ta daka ko ta biki, sai ya daina kallon robar da jininsa ke bi. Tun daga nan nake tarawa. Wasu 'ya'yansu ke turo min ta WhatsApp, wasu masu tura waƙa na Unguwa Uku ke nemo min. Yanzu sun haura dubu tara.

Duk sati nakan juye sababbi a kwamfuta yadda suka zo, da sunayensu na lambobi zalla. A waya kuwa, in na samu sarari, sai in sa wa kowacce sunan mai sonta. Makon jiya wayar ta fara nauyi. Maigidana ya ce zai gyara min, ya ga ai komai yana kwamfuta, sai ya share na wayar ya juyo na kwamfutar. Waƙoƙin suna nan, sunayen sun tafi.

Akwai wani dattijo, Baba Ɗan'azumi, da ba ya yarda a sa masa allura sai an kunna masa wata waƙar gayya ta yankinsu. Bayan ƙaramar Sallar bara aka turo min ita ta WhatsApp, wanda ya turo kuma ya rasu. Ran Litinin na rasa ta, ya ce ba komai 'yata, amma ya juya fuskarsa bango har aka gama. Na saurari sama da ɗari uku ban same ta ba, ga shi ran Alhamis zai dawo. Maigidan kuma kwana uku ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, na san bai kyautu ba, amma in na gan shi sai abin ya taso min. Yaya zan yi?

Nas daga Gyadi-Gyadi

Ƙanwata, sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma na yi alfahari da ke. Ba wanda ya sa ki wannan aiki, ba a makarantar jinya kika koye shi ba. Kin adana muryoyin da ko a garuruwansu an fara mantawa. Allah ya saka miki.

Mu fara da ta Alhamis. Lambobin da kike ƙi su ne za su cece ki, domin waƙar da ta zo ta WhatsApp tana ɗauke da shekara da wata da ranar da ta shigo a cikin sunanta. Duba kalanda ki ga watan da ƙaramar Sallar bara ta faɗo, ki jera fayilolin bisa suna a kwamfuta, ki saurari na makonnin da suka biyo baya kawai. Da wuya su wuce hamsin.

Game da maigida, ya yi gaggawa, ya kamata ya tambaye ki kafin ya share. Amma ke ma kin raba aikinki gida biyu ba tare da kowa ya sani ba, waƙa a nan, suna a can. Ki sauko. Ki ba shi rabin hamsin ɗin nan ya taya ki sauraro, ki rera masa amshin don ya gane ta.

Daga yanzu kwamfuta ce uwa. A can za ki gyara suna, a can za ki share, waya ta riƙa karɓa kawai. Buɗe folda ɗaya a waya don sababbin shigowa, ranar hutunki ki kai su kwamfuta, ki sa musu suna, sannan ki dawo da su. Akwai manhajojin da ke daidaita folda tsakanin kwamfuta da waya, sai dai ki saita taki ta riƙa tafiya hanya ɗaya, daga kwamfuta zuwa waya, in ba haka ba abin da kika share a waya zai ɓace a kwamfuta. Ki kuma sayi babban filas na kwamfuta ki kwafe komai duk wata, ki ajiye shi gidan Innarki.

Abu ɗaya zan gyara miki: daina sa sunan majinyaci a kan waƙa. Waya kan ɓata, ciwon mutum kuma sirrinsa ne. Sa sunan garin da irin waƙar, wanda ke sonta ki riƙe a littafinki.

In Alhamis ta zo ba ki same ta ba, kada ki ɓoye wa Baba. Zauna kusa da shi, ki danna ɗaukar murya, ki roƙe shi ya rera miki da bakinsa. Wanda ya yi gayya da waƙar nan ya fi waya saninta. Wannan kuwa, ki kai ta kwamfuta a ranar. Allah ya ba Baba lafiya, ya sanya albarka a hannunki da gidanki.

Anti Hasana