Yadda Nasiru Ya Zama Na Uku Bai Taɓa Ƙwallo Ba

Zuwa ga Shugaban kwamitin shirya gasar ƙwallon ƙafa ta matasan shiyyarmu, Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina roƙon ka ba ni aron hankalinka na ɗan lokaci. Sunana Haruna Isah. Malamin firamare ne ni, kuma ni nake horar da ƙungiyar matasan Kurya Madaro shekara tara ke nan. Ba baƙonka ba ne ni. Muna samari mun sha haɗuwa a fili, kana gaba ina tsaron gida, kuma har yau ina ganin girmanka. Sau biyu na zo ofishinku a watan nan ban same ka ba, sakatare ya ce in rubuto. Na rubuto, shiru. Shi ya sa na kawo maganar fili, don ba ni kaɗai ta shafa ba.

Magana ce a kan Nasiru, ɗan wasan gabanmu. Ɗan ƙanwata ne, gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya faɗa. Shekararsa ashirin da uku, yana noma da damina, yana kabu-kabu da rani. Zan jero abin da ya faru yadda ya faru.

Na farko, kakar bara. Wasa goma sha huɗu aka tsara wa kowace ƙungiya, mu goma sha ɗaya muka buga. Biyu a Shinkafi da ɗaya a Zurmi ba mu je ba, kuma kun san dalili. Duka ranakun uku mun zo tasha da takalmanmu a leda, direbobi suka ce babu mai bin hanyar a ranar, an tare ta da safe. Duk lokacin na kira sakatare na shaida masa. Aka ba abokan karawarmu maki, aka rubuta mana ba mu halarta ba. Ban yi gardama ba, na ce doka ce.

Cikin goma sha ɗayan nan Nasiru ya rasa uku. Lokacin yankan gero 'yan bindiga suka ɗauke mahaifinsa daga gona. Shi ne babba a gidan. Ya ajiye takalmi, ya kwashe geron da ya rage, ya tsaya kan mahaifiyarsa da ƙannensa har Allah ya dawo da tsohon bayan mako biyar. Ranar da ya dawo fili ya rame har wandonsa na zamewa, amma ya ci biyu. Wasa takwas ke nan ya buga, ya ci ƙwallo tara. A takardunku mutum ɗaya ne ya fi shi, wani ɗan Shinkafi da ya buga duka goma sha huɗun.

Na biyu, jerin gwanaye. Bayan ƙaramar Sallah kwamitinku ya manna sunayen gwanaye ashirin a bangon filin wasa na Ƙaura, aka ce goman farko za su je gwaji gaban masu neman 'yan wasa da za su zo daga Gusau. Ga yaranmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, wata shekarar ma ba a zuwa. Nasiru ya kawo fasinja kasuwar hatsi, ya biya ya karanta takardar daga sama har ƙasa, ya sake karantawa. Babu sunansa, babu na kowa daga Kurya. Ya same ni a makaranta ana tashi, bai ɗauko zancen ba, sai ya tambaye ni ko akwai atisaye da yamma. Daga bakin wasu na ji.

Da na tambayi sakatare, ya ce ƙa'ida ita ce sai wanda ya buga wasa goma. Na ce masa da an lissafa ukun da hanya ta hana, Nasiru yana da goma sha ɗaya, don duka ranakun yana tasha tare da mu. Ya ce ƙa'ida ba ta san hanya ba. Na dawo gida na ba yaron haƙuri, ya ce ba komai, Allah ya kai mu baɗi.

Na uku, hasashen da aka yi a rediyo. Mai magana da yawun kwamitinku ya shiga shirin wasanni ya jera yadda yake ganin kakar bana za ta ƙare, ya sa mu a ƙarshe. Wannan bai dame ni ba. Kowa na hasashe, a teburin mai shayi ma ana yi, kuma mai yiwuwa ya yi gaskiya. Abin da ya yi mana zafi shi ne da ya kira mu ƙungiyar da ba ta iya zuwa fili, ya yi dariya. Mutanen Kurya sun ji, har da waɗanda suka rasa 'yan'uwansu a kan hanyar nan. Washegari mutum shida suka zo atisaye. Sai da na bi sauran gida-gida.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Kwana kaɗan bayan shirin, manajan wata babbar ƙungiya ta cikin Ƙaura ya zo gidana. Ba zan kama sunanta ba, kun san ta. Ya ce suna son Nasiru, za su ba mu 'yan wasa biyu daga bencinsu da rigunan wasa. Na ce ai yaron ba ya cikin jeri, me za su yi da shi? Ya yi murmushi ya ce, "Malam, in ya zo wurinmu maganar jeri mai sauƙi ce."

Na kwana uku ban ba da amsa ba. Na san in Nasiru ya tafi rabin ƙwallayenmu sun tafi. Na kira shi na gaya masa komai, ban ɓoye ko kalma ba. Ya ce, "Kawu, in ka ce in zauna zan zauna." Na san da gaske yake, kuma wannan ne ya fi yi mini nauyi. Da yamma mahaifiyarsa ta zo, ba ta ma zauna ba, ta ce, "Yaya, kada ka tare masa hanya saboda ƙungiya." Ranar Litinin na sa hannu a takardar musaya.

Ranar Juma'a aka cire tsohon jeri aka manna sabo. Nasiru na uku, da sunan sabuwar ƙungiyarsa a gefe.

Ranka ya daɗe, tsakanin Litinin da Juma'ar nan ba a buga wasa ko ɗaya ba a duk shiyyar. Ba a fara kaka ba. Wasansa takwas na bara ba su ƙaru ba, ƙwallayensa tara suna nan yadda suke. Abu ɗaya ne ya sauya, sunan da ke bayan rigarsa. Ina ƙa'idar wasa goma ta tafi? In ta faɗi, me ya sa ba ta faɗi ba yana ɗan Kurya? In tana nan, wa ya tsallake ta?

Kuma abin bai tsaya kanmu ba. Da aka cusa Nasiru a na uku, kowa na ƙasa ya sauka mataki ɗaya. Wanda yake na goma, wani ɗan baya daga Birnin Tsaba, ya koma na goma sha ɗaya, gwaji ya wuce shi. Ban san shi sosai ba, sau biyu muka kara, amma na ji an riga an yi masa barka a garinsu. Bai yi laifin komai ba. Nasiru da kansa ya kawo mini wannan labarin, kuma babu murna a fuskarsa. Ya ce, "Kawu, ni dai ne na makon jiya. Yanzu kowa zai ce hanya aka yi mini." Yaron da ya cancanci wurinsa da ƙafarsa, an sa shi yana jin kunyar sunansa a bango.

Ba na zarginka da hannu a ciki, don ban gani ba. Amma takardar da sunan kwamitinka ta fito, shi ya sa roƙona yake zuwa gare ka.

Kada a cire Nasiru. Ban rubuto don a dawo mini da shi ba, na sa hannu da hankalina, kuma matsayin da yake kai nasa ne tun bara. A ƙara gurbi ɗaya a tafi da yaron Birnin Tsaba gwajin, mutum goma sha ɗaya ba za su cika fili ba. A rubuta ƙa'idojin jerin a manna kusa da sunayen, kowa ya san da me ake auna shi, kuma a faɗi su wa suke aunawar. In akwai mai alaƙa da wata ƙungiya a cikinsu, ya koma gefe. Sannan wasan da hanya ta hana, a ɗage shi ko a kawo shi Ƙaura, kada a mayar da shi laifin yaran da ba su zaɓi inda aka haife su ba. Shi kuma mai magana da yawunku, ya ci gaba da hasashensa, amma ya san irin kunnuwan da ke sauraro.

Shekaranjiya aka fitar da jadawalin bana. Wasan farko mu ne da sabuwar ƙungiyar Nasiru, a filin Ƙaura. Nasiru ya kira ni yana kame-kame, na ce masa in ya sassauta mana ko sau ɗaya ban yafe ba. Yara biyun da aka ba mu sun fara zuwa atisaye, mun karɓe su hannu biyu, ɗayan ma yana da gudu. Ina gayyatarka ka zo ka zauna ka kalla da idonka, ba daga takardar kowa ba. Akwai sauran yara a Kurya da ba wanda ya taɓa tsayawa ya dube su.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi maka jagora a wannan riƙo, ya sa ka gama da mutuncinka. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.

Ranar wasan, mu za mu taso tun da hantsi, da yardar Allah. In lokaci ya yi ba ku gan mu ba, ina roƙo a aiko a tambayi lafiyarmu kafin a raba maki.

Wassalam.

Naka,
Haruna Isah,
Mai horar da matasan Kurya Madaro.