Mota Mai Kujera Biyu

Yaya Dogara,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da mutanen Ƙofar Kibo? Ya ƙarin haƙurin rashin Baba?

Ni lafiya lau. Amurka ƙasar albarka ce: saniya ma da likitanta, mutum ne dai ba mai tambayarsa. Mai gonar da nake wa aiki ya ce in zaɓo 'yar motar zagaya gona da shiga daji. Na zaɓo mai kujera biyu, don Baba ya hore mu kada mu wuce mai tafiya a ƙasa. Wata huɗu ke nan, buhun dusa ne abokin zamana.

Ku aiko min da hular Baba, tunda ban samu jana'iza ba. Allah ya jiƙansa.

Yaya, inda kowa ke da mota, wa zan rage wa hanya?

Ƙaninka,
Labaran