Buhu Mai Jan Zare

Ranar Talata

Zuwa ga uwar ɗakina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya ke da yara. Yaya jikin Inna? Allah ya sa kumburin ƙafar ya fara sauka. Ki gaya mata surukinta yana gaisuwa, gwiwa har ƙasa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ga waya. Na san wayarki a gidan nan, da ta yi ƙara ƙannenki sun kewaye ta kamar an sauke tukunya. Wannan maganar tsakanina da ke ce. Ki shiga ɗaki ki karanta.

Kin tafi kina tausayina, wai wa zai dafa mini. To ban rame ba. Na fara da mai shayin bakin tasha, wanda ke yanka burodi har kina hango mutum ta cikinsa. Na koma gidan abincin nan mai labule da fanka, inda nama ke wasan ɓuya a cikin miya. Daga ƙarshe na yada zango a rumfar Gwaggo, bayan layin teloli. Benci uku ne, da teburi mai ƙafa ɗaya a kan bulo. Shinkafa da wake take yi, kuma hannunta ba ya rawa wajen zubawa. Teloli da masu gyaran babur duk nan suke ci. Kin san Baba Tela, tsohon da ya ɗinka wa yara kayan makaranta? Tun rasuwar matarsa can yake ci safe da rana. Haƙora sun ƙare masa, don haka wake zalla Gwaggo ke zuba masa, mai laushi.

Yau bayan na ci na zaga bayan rumfa in wanke hannu. Ina sunkuyawa kan buta sai idona ya faɗa kan buhun wakenta, jingine da langa-langa. Ɗinkin bakin ya karkata hagu, ƙulli biyu a ƙarshe. A duk kasuwar nan bahago ɗaya ne ke ɗinke buhu haka, kuma shi kike aure. Zaren kuma ja ne.

Ke kaɗai kika san abin da jan zare yake nufi a shagona. Buhun da na barbaɗa wa garin maganin ƙwari ne, wanda ba a ci sai ya yi wata huɗu a ajiye. Wannan ko wata ɗaya bai cika ba. Kuma na cika hannu, saboda ɓarnar da ƙwari suka yi mini bara. Dogo dillali na sayar wa. Ya ce ajiya za a yi. Ban tambaye shi wace ajiya ba, shi ma bai tambaye ni zaren ba. Kin san mu.

Ban san lokacin da butar ta kuɓuce mini ba. Kwana biyar ke nan ina cin waken nan, har da neman ƙari. Jirin da nake ji da yamma, da yawun da ke cika mini baki, da ma ba kewarki ba ce kamar yadda na zata.

Ga abin da ya fi tsinka mini zuciya. Garin maganin nan ba ya zama a sama, gangarawa yake yi ya kwanta a gindin buhu. Gwaggo ta ci kashi ɗaya cikin uku. Duk kwanon da ta ɗiba gobe ya fi na yau dafi.

Na san abin da za ki ce, in je in faɗa mata. In na faɗa, kafin la'asar kasuwa ta ɗauka, kuma ba mai sake sayen ko ƙwayar gero a hannuna. Ki ba ni kwana biyu. Mutumin da ya taɓa sayar wa mai gidan burodi fulawar da shi mai burodin ya ƙi saye da safe ba zai rasa dabarar raba tsohuwa da buhu ɗaya ba.

Ki sa ni a addu'a, ki kuma rufe bakinki. Ki shafa mini kan Auta.

Mijinki,
Basilla

Ranar Juma'a

Zuwa ga uwar ɗakina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna da jiki, da yara, da duk mutanen gida. Ni dai ga ni nan, ba zan ce miki lafiya ba.

Dabarata ta ci ni.

Ranar Laraba na je da fara'a na ce wa Gwaggo ta sayar mini da ragowar buhun, zan ƙara mata a kan yadda ta saya. Ta ajiye ludayi ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce tun tana budurwa take shiga kasuwa, ba ta taɓa ganin mai hatsi ya bi mai abinci yana neman wake ba sai in farashi zai tashi. Ta yi mini godiya da na tsegunta mata. Na ce to mu yi musaya, in kawo mata sabon buhu cikakke. Nan fa ta ƙara riƙewa. Ta ce wake mai kyau ke nan, ko huda ɗaya babu a jikinsa, shi ya sa nake zawarcinsa. Teloli suna ta dariya, wai yau Basilla ya gamu da uwarsa a ciniki. Ni ma na buɗe haƙora, amma rigata ta jiƙe a baya. Kafin in tashi ta ja buhun ta kai ɗan ɗakin da take kullewa.

Sai na canza hanya. Na ce ta juye mini tukunyar waken gaba ɗaya, zan kai wa masu sauke mini kaya. Na ɗauka a bokiti na kai bayan kasuwa, na haƙa rami na binne don kada awakin mutane su ci. Na dawo ina ganin na yi wayo. Jiya da na isa sai na tarar ta ɗora tukunya biyu maimakon ɗaya, wai tunda kasuwa ta buɗe. Da hannuna na sa ta nutsa cikin buhun nan, ta ci na kwana biyu a yini guda.

Kuma duk sayen da nake yi bai hana komai ba, domin kafin ta sayar wa kowa sai ta ɗebe na Baba Tela ta rufe a gefen murhu. Na zauna kusa da shi na ce, Baba, wake fa yana wahalar da cikin manya, ka koma shayi da burodi kwana biyu. Ya ce shekararsa saba'in yana cin wake, in akwai wanda ya wahala a cikinsu to waken ne. Ina kallo ya sa cokali. Ina kallo ya suɗe kwanon. Hannuna yana kan gwiwata, in na miƙa shi zan iya kifar da kwanon nan, ban miƙa ba.

Na nemi Dogo. Ya ja ni bayan motar kaya ya ce shi bai san wani zare ba, bai ma san ni ba in ta kai ga haka. Ya ce in ja bakina, ciwon ciki ba ya rubuta sunan mai hatsi.

Yau Baba Tela bai zo cin rana ba. Gwaggo ta rufe masa nasa tana ta leƙen hanya. Can sai ga maƙwabcinsa a guje. An same shi kife a kan keken ɗinki, gumi kamar an watsa masa ruwa, yawu na zuba, jikinsa na karkarwa. An sa shi a mota zuwa asibiti. Masu gyaran babur biyu ma sun yini suna amai. Mutane suna cewa ruwan unguwar ne. Har ni aka tambaya, na ce ai ruwan nan sai a hankali. Ki ji bakin mijinki.

Tun da na dawo shago na kasa zama. Duk wanda ya tsaya a ƙofa sai gabana ya faɗi, in ga kamar ya zo ya ce mini an yi rasuwa. Wata mata ta zo sayen masara, na auna mata sau uku ina mantawa. Na duba ko'ina ina neman gwangwanin maganin in karanta abin da aka rubuta a jiki, ko akwai abin da ake sha, ban gan shi ba. Gobe Gwaggo za ta sake ɗora tukunya.

Ban san me nake so ki yi mini ba. Na dai rasa wanda zan gaya wa.

Mijinki,
Basilla

Ranar Lahadi

Zuwa ga uwar ɗakina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya ji kunya. Na ji daɗi da direba ya ce ya ga Inna zaune a ƙofar ɗaki. Allah ya ƙara sauƙi. Yaya yara?

Takardarki ta iso ni jiya da sassafe. Na juya bayanta ina neman sauran, ashe layi biyun ne ke nan: gwangwanin yana saman katangar ɗakin ajiya inda kika ɓoye shi saboda yara, kuma asibiti ba ya rufewa. Da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi.

Na sa gwangwanin a aljihu na fara biyawa ta rumfar Gwaggo. Tana tsugune tana wanke wake, ruwan ya yi fari-fari. Na shirya magana mai tsawo a hanya, da yadda zan jingina wa Dogo rabin laifin. Da na tsaya a kanta duk ta gudu. Na ce, "Gwaggo, kada ki dafa. Akwai magani a ciki. Ni na zuba."

Ba ta yi ihu ba, kuma ihun na so ta yi. Ta cire hannunta daga ruwan ta riƙe shi nesa da jikinta. Ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun Talata. Ta ƙirga da yatsunta a hankali, ta tsaya a kan na huɗu. Ta kashe wuta, ta yafa gyale, ta ce in wuce gaba.

A asibiti mun sami 'yar Baba Tela a bakin ɗaki, idonta ya kumbura. Ta ce likita ya yi ta tambaya ko tsohon ya taɓa wani magani, ko an yi feshi a shagonsa, su kuwa sun ce babu. Ta ƙofa na hango shi, an sa masa roba a hanci, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana jan ruwa da tsinke. Da likitan ya fito na miƙa masa gwangwanin. Ya karanta, ya dube ni, ya ce da jiya na kawo. Ya juya yana kiran ma'aikaciya ta kawo wata allura. Na zauna a ƙasa a gaban mutane.

Daga nan Gwaggo ta zaga da ni layin teloli da garejin babura, shago bayan shago. Ni nake faɗa, da bakina, cewa duk wanda ya ci wake a makon nan ya je a duba shi, ga kuma dalili. Wani mai gyaran babur ya ɗaga sifana zai buge ni, 'yan'uwansa suka riƙe shi. Wani tela ya tofar da yawu kusa da takalmina. Ba ka sanin yawan mutanen da ke cin tukunya ɗaya sai ka bi su ɗaya-ɗaya. Har da wata mai ciki da mijinta ke saya mata a kwano. An duba ta, an ce ta kwana biyu a can don a sa ido.

Ma'aikatan lafiya sun zo sun kwashe buhun, sun rufe shagona, sun rufe rumfar Gwaggo, ita da ba ta yi komai ba. Shugabannin kasuwa za su zauna a kaina ranar Laraba. Dogo ya yi tafiya, wai gaisuwar rasuwa.

Baba Tela ya buɗe ido yau da safe. An cire robar. 'Yarsa ta ce ya gane ta, ya nemi ruwa, amma hannunsa na rawa, kuma likita bai yi alkawarin zai daina ba. Ban shiga ba. Ba ta ce in shiga ba.

Da azahar Gwaggo ta zo gida ta same ni. Na shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama. Ta ce an ce gobe za ta iya buɗewa, tunda an gano ba laifinta ba ne, amma ta san ba mai zuwa. Na fara maganar abin da zan iya ba ta, ta ɗaga mini hannu.

"Shekara goma sha tara ina ciyar da layin nan," in ji ta. "Gobe kai za ka fara zama a bencina. Ka ci a gaban kowa, safe da rana, kullum, har sai sun dawo."

Na ce to.

Uwar ɗakina, zaman Laraba bai tsorata ni kamar goben nan ba. Zan zauna fuskata na kallon layin teloli, su wuce suna kallona ina tauna, kuma ban san ko kwana nawa za a ɗauka ba. Tun jiya ban ci komai ba sai ruwa. Amma ƙarfe takwas zan je.

Kada ki yi gaggawar dawowa, ki bari ƙafar Inna ta warke. In labari ya riga ni isowa can, kada ki kare ni, ki ce haka ne. Ki yafe mini, ki gaida yara.

Mijinki,
Basilla